Ranar da Muƙamuƙin Farfesa Kettunen Ya Goce

A duk faɗin Finland babu wanda ya san mahaɗar muƙamuƙi kamar Farfesa Reijo Kettunen. Shi da bakinsa ya gaya mana, mu kuwa su wa da za mu yi musu? Shekara talatin yana auna nauyin da ke danne wannan 'yar mahaɗa ta gaban kunne idan mutum yana tauna, kuma ikon Allah, duk awon da ya yi, nasa muƙamuƙin ne ke zuwa na ɗaya. Mu ɗalibai Sarkin Tauna muke ce masa. Ko a teburin kofi da ƙarfi yake ƙirga taunarsa, sha shida dama, sha shida hagu, wai mu ƙaru.

Ranar Alhamis aka ba Vilma Rautio, ɗalibarsa mai ƙaramar murya, minti ashirin ta kare aikinta na shekara uku a gaban wata baƙuwar farfesa. Ƙarfe huɗu baƙuwar za ta tashi ta kama jirgin ƙasa, in ba ta sa hannu ba kuma sai baɗi. Uku da rabi ta gota, Sarkin Tauna bai gama 'yar gabatarwarsa ba.

"Kafin ni, jama'a, tuƙa kawai ɗan Adam yake yi kamar saniya! Ke yarinya, miƙo min burodin nan." Ya ɗaga busasshen baƙin burodi. "Bakin talaka santimita huɗu yake buɗewa. Nawa kuwa, ku kalla..."

Ƙas! Baki ya buɗe, ya ƙi rufuwa.

"Aaa! Aaa!" Yana ta nuna Vilma, don ita ya koya wa gyaran gocewa: manyan yatsu a kan turamen haƙora, a danna ƙasa.

Vilma ta dubi agogo. Ta dubi ƙasa.

"Farfesa, shafi na tara na littafinka ya ce kada a gaggauta mahaɗa. A bar tsoka ta saki tukuna."

Ta miƙa masa hankici saboda miyau, ta fara jawabinta. Ashe muryarta daɗi gare ta, ba mu taɓa samun damar ji ba ne. Minti ashirin cif, baƙuwar ta sa hannu. Sannan Vilma ta sa yatsu. Ƙas!

Baƙuwar ta ɗauki jakarta.

"Reijo, shekara ashirin ina zuwa nan. Yau ne ka buɗe baki na ƙaru."