Ranar da Na Zama Giwan Ruwa a Gidan Surukai

Ba zan taɓa mantawa da wata la'asar a Argungu ba, kuma ko na so in manta dangin mijina ba za su bar ni ba. Har yau in muka haɗu a wurin suna ko biki, sai wata ta kalle ni ta tsuke baki irin na kifi, ni kuwa in rasa inda zan sa kaina.

Bari in fara da yabon kaina, tunda abin da zai biyo baya ba na yabo ba ne. Ni ce surukar da ake misali da ita wajen kunya. Da na haifi ɗana na fari aka sa masa sunan surukina, ana kiransa Abba, sai na riƙe kunyar ɗan fari da hannu bibbiyu. Ba na ɗaukarsa a gaban manya, ba na yi masa wasa, ko Abban ma ba na faɗa, "yaron nan" nake cewa. In ya faɗi a gabansu sai in ƙura wa rufin ɗaki ido har wani ya ɗaga shi. Hajiya, uwar mijina, takan ce, "Ɗiyan zamani duk sun zubar da kunya, amma ban da wagga." Ni kuwa kaina sai ƙara kumbura yake yi. Abin ya bi jikina har a gidanmu na Gwadangaji, inda babu mai ganina sai ƙadangaru. In na dawo daga ofis na ba shi nono na yi masa wanka, sai in danƙa masa waya ya kalli 'yan tsana masu rawa, ni in shige kicin.

To, Abba ya doshi shekara biyu, ko kalma ɗaya babu. Yarinyar maƙwabtanmu da ya girme ta har ta iya kai ƙarar yayyenta, nawa kuwa sai ido. Hankalina ya tashi, ba kaɗan ba. In laɓaɓo ta bayansa in tafa hannu in ga ko zai waiwayo. In buga murfin tukunya. In shiga kasuwa in kwaso masa mota mai jiniya da jirgi mai fitila (ya kalli motar sau ɗaya, ya ture ta, ya shige cikin kwalin). Da na ga zan haukace, sai na kai shi asibiti. Aka duba kunne, aka ce lafiya lau yake ji. Sai nas ɗin ta ce, "Wa yake wasa da shi a gida?" Na ce ai kayan wasa gare shi har babu wurin taka ƙafa. Ta ce, "Ba kayan na tambaya ba. Wa yake sauka ƙasa tare da shi?" Ta ce in ɗauke wayar nan, in duba abin da yake ba shi dariya in bi shi, in yi masa in dakata shi ma ya yi nasa, don a cikin wasa yaro yake koyon karɓa da mayarwa, daga nan baki yake buɗewa. In ban ga canji ba in dawo da shi.

Wallahi ban ma san yadda ake yi ba. Na shimfiɗa tabarma na zauna a miƙe kamar mai jiran alƙali, ina cewa, "Ce Mama. Ce Ma-ma." Ya dube ni sama da ƙasa ya koma kwalinsa.

Allah ne ya kawo mafita ta hanyar gidan sauro. Wata safiya ina kwance shi daga ƙusa, sai ya zubo mini a ka gaba ɗaya, ina ta kokawar fita ina tsaki. Sai na ji wata irin dariya da ban taɓa ji ba. Abba ne, har da faɗuwa zaune. Ya taso ya kama bakin ragar yana ja. Babansa, da yake ɗan Argungu ne a bakin gulbi ya tashi, ya leƙo ya ce, "Kai, wanga masunci ya kama babban kihi!" Shi ke nan, wasa ya samu.

Ga yadda tsarin yake, kuma kada wanda ya yi mini dariya tukuna. Ni ce giwan ruwa, babban kifin nan. In kwanta rub da ciki a tsakar ɗaki ina iyo, baki a tsuke. Abba ya jefo mini gidan sauro a matsayin homarsa ta kamun kifi, in yi ta birgima ina shure-shure. Can sai in tsaya cak, in yi lamo. Ba zan sake motsi ba sai ya yi wani abu. Da farko duka yake ɗirka mini a baya. Daga baya ya koma leƙo fuskata yana cewa "i! i!" Wata rana na ji ya ce "ki". Na ga yaron da ba ya kallon idona ya koma neman idona, ya koyi jira, ya koyi jan raga da hannu biyu, ya koyi nuna abu da yatsa. Sai muka ƙara wa wasan kashi na ƙarshe. In ya kama ni, sai ya ruga ya jawo babansa a matsayin mai saye. Babansa ya zo yana taya kifi yana kushe shi, ni kuma ina magiya da muryar kifi kada a saye ni, in ya matso in cafke masa ƙafa, Abba ya yi ta ƙyaƙyatawa. Duk wannan ƙofa a kulle ake yinsa, har da sakata.

Ana cikin haka lokacin yaye ya yi. Hajiya ta zo da kanta ta ɗauki "maigidanta", kamar yadda take kiransa, ta tafi da shi Argungu. Al'ada ce, kuma uwa mai kunya ba ta cewa za ta yi kewar ɗan fari, don haka na haɗa masa kaya ina murmushi. Na ɗauka sati biyu ne a dawo mini da shi. Sai ga saƙo ta bakin babansa: Hajiya ta ce a bar shi can har bakinsa ya buɗe, gidan cike yake da yara, zai fi saurin koya. Na san ma'anar wannan magana sarai, don shi kansa babansa daga yaye aka kai shi wurin kakarsa, bai dawo ba sai da ya isa shiga makaranta. Na ce ya yi magana mana. Ya ce, "Ni in ce wa Hajiya a'a? Ke da ake yabo, ki faɗa mata da kanki."

Zama ya gagare ni. In share ɗaki in sake sharewa. In buɗe firij in tsaya ina kallo ban san abin da na zo ɗauka ba. A ofis in tashi in zauna, har abokiyar aikina ta ce ko kujerar da ƙusa ne. Kullum ina kiran Saratu, ƙanwar mijina, wai ina tambayar lafiyar Hajiya, alhali jira nake ta sako zancen yaron. Ranar da ta ce, "Shiru dai yake, ko ɗan gwarancin ma ya bari," ranar na ce wa babansa Asabar ɗin nan sai Argungu, ko da ƙafa ne.

Tun daga Ambursa nake ce masa ya taka motar nan, shi kuma yana ta nuna mini yadda shinkafa ta yi kyau a fadama. Ina ruwana da shinkafa!

Muka isa, na durƙusa ina gaida Hajiya a tsakar gida, mata sun kewaye mu. Sai ga Abba ya fito. Ya tsaya ya kalle ni, ya tako a hankali ya kama bakin hijabina. Ni kuma, uwar masu kunya, na janye na ce, "Kai, tafi can wurin Hajiya." Ya sake ni. Bai yi kuka ba, da ma kukan ya yi. Ya je gindin randa ya zauna ya ba ni baya. Hajiya ta ce, "Kin gani ko? Ya saba da mu." Na ce haka ne. A raina kuwa na tsani kaina, na tsani yabon da ake yi mini, na ji kamar in kurma ihu.

Da aka kira la'asar maza suka tafi masallaci, Hajiya ta leƙa maƙwabta yin barka, sauran mata suka koma wurin girki. Na ga Abba ya shiga ɗakin Hajiya. Na waiga dama na waiga hagu, na bi shi. Ga gidan sauro nan a naɗe a kan gado. Na cire hijabi, na ajiye masa ragar a gabansa, na kwanta rub da ciki na fara iyo a kan ledar ɗakin surukata. Ya daɗe yana kallona, har na fara jin tsoron ya manta. Sai na ji raga ta sauko mini a ka. Na yi birgima, ɗankwali ya yi nasa wuri, na tsaya cak. Ya leƙo fuskata, ya buɗe baki ya ce, "Kihi!"

Cikakkiyar kalma, da ƙarfi! Hawaye suka zubo mini a cikin ragar. Shi kuwa ya kwasa a guje ya yi waje, na san mai saye ya tafi nema. Murna ta hana ni tuna cewa ɗakin nan labule ne kawai a ƙofarsa. Na kifa fuska na rufe ido ina jira.

Na ji takun takalmi, na ji gyaran murya (a nan ya kamata mai hankali ta farga, amma wa ya gaya mini uba da ɗa gyaran muryarsu iri ɗaya ne?). Na ce yau babansa zai ga aiki. Na ƙara wuta, ina birgima ina dukan ƙasa da ƙafafu, na maƙale murya na ce, "Ranka ya daɗe kada ka saye ni! Ƙaya gare ni! Ga ƙarni, yau ko wanka ban yi ba!" Sannan na miƙa hannu na cafke ƙafar mai saye.

Ƙafar da na kama ba ta mijina ba ce. Wannan siririya ce, busasshiya, ga faso a dunduniya.

Na buɗe ido. Baba Alhaji ne, surukina, da carbinsa a hannu. Mutumin da tun da aka kawo ni gidan daga bayan labule nake gaishe shi, bai taɓa ganin fuskata sosai ba, yau ga shi yana ganin har kitsona da ya kwana biyu. A bayansa ga Hajiya ta dawo, ga Saratu da ludayi, can ƙarshe ga mijina yana duban sama kamar mai neman wata. Innalillahi! Kuma don tsabar ruɗewa ban saki ƙafar ba, sai da ya ɗan ja ta da kansa.

Bawan Allah ya ce "Subhanallahi," ya juya zai fice, don shi ma kunyar ta kama shi. Abba ya riƙe masa riga tamau, yana nuna ni da yatsa yana cewa, "Saya! Saya kihi!"

Baba Alhaji ya tsaya, fuskarsa na kallon bango. Ya ce, "Takwara, ashe kana magana?" Abba ya sake jan rigar, "Saya!" Tsohon nan ya ce, "To, na saya. Allah shi yi albarka." Abba ya hau tafi. Ni kuwa na nemi fita daga ragar na kasa, ƙara nannaɗe ni take yi, sai da Saratu ta zo ta warware ni tana dariya har da riƙe ciki.

Na maƙale a ƙuryar ɗakin na ƙi fitowa. Aka kawo tuwon shinkafa ban taɓa ba. In zauna, in miƙe, in leƙa taga in ga ko katangar bayan gida za ta tsallaku. Lissafina ɗaya ne: kunyar da nake taƙama da ita ta tafi, yaron ma ya tafi, don wa zai danƙa jikansa ga matar da take iyo a kan leda?

Gab da magariba Hajiya ta ɗaga labule, jakar kayan Abba a hannunta, shi kuma yana biye da ita. Na sunkuyar da kai. Ta ce, "Kullum haka kike yi mai?" Na ce e, da wata 'yar murya. Ta ce, "Shi ne kinka yi shiru, kinka bar mu muna ta ɗura mai jiƙe-jiƙe?" Ta ajiye jakar a gabana ta ce, "Ni dai gwiwata ba ta iya wanga aiki, gidan ga kuma babu mai iyawa. Ɗauki abinki ki tahi da shi." Na miƙa hannu zan ɗauki jakar in bar wa Saratu ta riƙo shi zuwa mota, kamar yadda na saba. Hajiya ta warware zanen da ke kafaɗarta ta miƙo mini. "A'a. Goya shi. Nan gabana."

Na durƙusa, ya haye bayana da kansa, ya kwantar da kai. Haka na ratsa tsakar gidan nan da goyon ɗan fari, mata na guɗa suna tsokana, ina kuka ina dariya, ban sauke shi ba har bakin mota.

Abin da na koya shi ne, kunya tsakanin manya take, yaro bai san ta ba, abin da ya sani kawai wa ya sauko ƙasa wurinsa. Sai kuma na biyu, wanda na biya da tsada: duk matar da za ta zama kifi a gidan surukanta, ta buɗe ido ta duba ƙafar mai saye kafin ta cafke.