Imel Ɗin da ke Yatsun Hajiya Mamuna

"…ya aiki, ya uwarka, ya ƙafar babanka, ya mutanen Aboabo?"

"Lafiya lau, Hajiya, duk lafiya. A taƙaita gaisuwar nan, sauri nake yi."

Taufiq bai ko cire takalmi ba. Ƙarfe goma saura minti ashirin ne na safiyar Litinin, kuma wani kamfanin jigilar kaya da ke Sofoline ya ce in bai kai kwafin takardar haihuwarsa kafin sha biyu ba, aikin direban da aka yi masa alkawari ya zama na wani. Takardar asali ambaliyar bara ta cinye ta. Hotonta yana cikin wayarsa da ta faɗa kwata watan jiya. Wuri ɗaya ya rage: imel ɗin kakarsa, Hajiya Mamuna, wadda shekara ashirin da ɗaya ke nan duk takardar da ta shigo zuriyar sai ta sa an tura mata kwafi.

"Ji miji," in ji ta, tana ɓare goro. "Wata uku ba ka leƙo matarka ba, yau ka faɗo kamar an biyo ka."

"Wace mata? Ai na sake ki tun ranar da haƙorinki na ƙarshe ya fita."

"Da wane bakin ka sake ni? Ni na share maka majina."

"Hajiya, kalmar sirrin imel ɗinki nake so."

"Imel ɗin da ka ce na tsofaffi ne? Ina naka?"

Ya dubi agogo. "Ina da su."

"Nawa?"

"Shida."

"Wanne ke buɗewa?"

Duk wayar da ya saya, yaron shago ke buɗe masa sabo, ya manta da shi kafin ya kai tasha.

"Shida, ba ko ɗaya mai amsa sallama," ta ce. "Nawa guda ne. Na buɗe shi a Lome, na buɗe shi a Makka, bai taɓa neman ko sisi a hannuna ba, bai taɓa ɓatar min da takarda ba. Ka ga wanda ya fi ka riƙon aure."

"To ki aure shi. Amma faɗa min kalmar tukuna."

"Ban san ta ba."

"Kamar yaya?"

"Ni na yi boko ne? Yarinyar kafen intanet ce ta kama yatsuna ta ɗora a kan maɓallai, nan, nan, nan, har suka haddace. Yatsun ne suka sani, ba ni ba."

Ya miƙa mata sabuwar wayarsa. Ta dangwala sau ɗaya, haruffa uku suka fito tare.

"Wannan abin na ƙadangaru ne. Ka nemo min kibod na mutane."

Kafe kuwa duk sun zama shagunan sayar da kati. Sai ya tuna Gariba, mai buga takardu a bakin kasuwa. Ya tare tasi, ita kuma ta tsaya zaɓen mayafi.

"Hajiya, ba biki za mu ba."

"Fita da miji mummuna ai sai mace ta yi kwalliya, ko a rage kunya."

"Goma da kwata fa."

"Da na haifi babanka ma ba ka ba ni agogo ba."

Sha ɗaya saura kwata suka isa. Gariba ya tura mata laftof ɗinsa. Ta ce wa Taufiq ya juya baya, ta danna, na'ura ta ƙi. Ta sake, ta sake ƙi.

"Shi ke nan," in ji Taufiq, yana kai da komo a ƙofar shago. "Tsufa ya kai yatsun ma. In kika ɓata na uku za su rufe shi."

"Yatsuna lafiyarsu ƙalau. Abin ne a matse kamar ɗakin hayarka. Gariba, ba ka da irin na da, mai ƙara?"

Gariba ya durƙusa ƙarƙashin tebur ya jawo wani tsohon kibod, ya hure ƙura. Ya ce ai rabin haruffansa sun goge.

"Da can karanta su nake yi?"

Aka jona. Ta gyara zama, ta yi bismilla, ta rufe ido. Taufiq ya ji ƙas, ƙas, ƙas, sau tara, ba tsayawa. Ƙaramar wayarta ta yi ƙara a bakin zane, da lambar tabbatarwa. Layin ma tun na farko ne. Gariba ya shigar, shafi ya buɗe.

Ya rubuta sunan Taufiq a wurin nema. Takardar haihuwa ta fito, da sakamakon jarrabawa, da wani hoton ranar suna.

"Buga masa hoton ma," in ji Hajiya. "Su ga kan direban da za su ɗauka, kamar doya."

"Takardar kawai, Gariba, don Allah."

Injin ya turo takarda da ɗuminta. Sha ɗaya da minti biyar. Taufiq ya kai bakin ƙofa, sai ya dawo ya yi wa Gariba raɗa, suka yi ciniki a tsaye. Ya zare kibod ɗin, ya naɗe igiyarsa a jikinsa, ya durƙusa ya ajiye mata a cinya.

"Na mayar da ke ɗakinki, amarya. Ga kayan lefe."

Ta juya shi, ta shafa maɓallan da suka goge, tana ƙoƙarin ɓoye dariya.

"Tsoho, mai ƙura, an cire shi daga ƙarƙashin tebur. Na karɓa, ya yi kama da mai bayarwa. Tashi ka gudu, kar na zama matar marar aiki."