Yadda Ake Zaɓen Jif Idan Gidanka Yana Cikin Lungu

Ga ta nan, ga ta nanku. Wanda ya ci zaɓe ya ce ta zo ya ji ta. Wanda ya faɗi ma ya zauna, ba a korar kowa.

Tun da sojoji suka koma bariki, duk wanda ya ci kujera a Tudun Wada sai bayansa ya fara ciwo in ya hau acaɓa. Maganin ciwon kuwa jif ne, babba. To ɗana, in kai ma ya kama ka, bi matakan nan daki-daki, na yi maka alkawarin motar da babu kamarta a unguwarku. Ban taɓa tuƙi ba, amma ni na raka ɗan ƙanena Zakariyya'u, sabon kansilanmu, ranar da ya je zaɓen tasa.

1. Tafi da tsohuwa

Kada ka je wurin dillali kai kaɗai. Ɗauki gwaggonka, ka sa ta hau kowace mota. Wadda ta hau da kanta, ba jif ba ce, ƙaramar mota ce ta sha iska. Benson, dillalin da muka je wurinsa a Gonin Gora, yana da uku, duk 'yan Kwatano: fara, baƙa, da mai ruwan toka. Mai ruwan tokar na hau lafiya lau, nan take muka cire ta daga lissafi. Baƙar kuwa sai da mutum biyu suka tallafe ni.

2. Saurari ƙofa

Inji matsalar direba ce. In an buɗe maka gaban mota, leƙa, ka gyaɗa kai, ka ce a rufe. Kai ƙofa za ka saurara. Ƙofar farar tana cewa "kas". Ta baƙar tana cewa "dum", har cikin ƙirji. Benson ya rufe ta sau huɗu, ya ce, "Honarabul, wannan ba mota ba ce, ofis ce mai taya."

3. Duba gilashi da kujeru

Farar tana da gilashi garau da kujera bakwai. Yi hattara. Kowa zai gan ka, kowa zai ɗaga hannu, kuma babu hannun da ke ɗagawa a banza. Kujera bakwai kuwa, kai ne mai kai amarya, kai ne mai kai mai naƙuda asibiti. Baƙar gilashinta duhu ne. Kana ganin jama'a, suna ganin fuskokinsu. Wannan shi ne wakilci.

4. Auna lungunku

Mai hankali ba ya sayen mota bai auna hanyar gidansa ba. Auna faɗin motar da igiya, ka ɗaure ƙulli, ka zo gida da ita. Amma ka zaɓi rana. Ka auna ran Asabar ɗin shara ta ƙarshen wata, da sassafe, lokacin da ba a yarda kowa ya kasa kaya ba. A ranar lungu yana da faɗi ƙwarai. Haka Zakariyya'u ya yi. Baƙar, wadda ta fi duka faɗi, ta shige a igiya har da rarar taƙi guda kowane gefe.

5. Kawo ta gida ran Litinin

Da safe, don a gani. Ina gidan baya na harɗe, muka karyo kwana, sai direba ya taka burki. A bakin lungun ga murhu, ga kasko, ga benci, ga layin mata da kwanoni. A tsakiya ga Saratu mai ƙosai, shekara ashirin da shida tana suya a wurin. Tun rasuwar mijinta, kaskon nan ne ke ciyar da gidanta.

Direba ya danna oda. Saratu ta juya ƙosai.

6. Sauka ka yi lallashi

Da lokacin soja ne, da kafin azahar babu murhun. Yanzu sai ka sauko da ƙafarka, ka gyara hula.

"Ina kwana, Mama Saratu."

"Lafiya lau, Zakari. Au, Honarabul. Taka ce wannan, ko gawa aka kawo?"

"Tawa ce. Mama, da za ki ɗan koma bayan makarantar firamare, akwai inuwa. Ni zan kafa miki rumfa, ta kwano."

"Bayan makaranta wa zan sayar wa? Awaki?"

"To ki matsa kaɗan kawai, safe da yamma, in na zo wucewa."

"In ɗauki mai yana tafasa sau biyu a rana." Ta tsame ƙosai ta zuba a kwando. "Waɗannan matan da kake gani, a nan suka tambaye ni wa za su dangwala wa. Na ce Zakari, tun yana rarrafe na san shi, ba ya taka mutane. Yanzu me zan ce musu?"

 Matan kallonsa kawai suke yi, kwanoni a hannu.

7. Kada ka dogara da tsohuwar

Ya zo ya ƙwanƙwasa gilashi, ya ce, "Gwaggo, ƙawarki ce, ki sa baki." Na ce a sauke ni tukuna. Aka sauke ni. Na gyara mayafi, na shiga layi, don ban karya ba.

8. Ka tabbata direbanka ya iya ribas

Ya daɗe a tsaye yana kallon kaskon. Sai ya ce wa direba, "Koma da baya." Baƙar tana da kyau ƙwarai a ribas, ban ji wani ƙara ba har muka daina ganinta.

Gargaɗi

Na ce za ka mallaki mota, ban ce za ta kwana a gidanka ba. In ka bi matakan nan wani abu ya biyo baya, kada ka aiko a kira ni, ba ni da hannu, kuma ƙafata ba ta son tafiya.

Motar tana gidan surukinsa a Unguwar Mu'azu, an lulluɓe ta da tamfol. Zakariyya'u yana takawa can kowace safiya ya hau ta zuwa ofis, kuma ya sake cin zaɓe. Direban ya koma jan tirela. Benson ya sayar da farar ga wani fasto. Saratu tana nan bakin lungu tana suya.