Ranar da Aka Yi Mini Jajen Falo

Ko zan manta komai na zaman New York, ba zan taɓa mantawa da ranar da matan ƙungiyarmu suka yi mini jaje a kan falona ba.

Lokacin ina aikin kula da wata tsohuwa 'yar ƙasar Suwidin a Manhattan. Ba ta da aiki sai kallon tsofaffin finafinan ƙasarsu. Ni ko kalma ɗaya ba na ji, sai na koma kallon gidajen. Manyan ɗakuna farare tas, ƙasa katako zalla, kujeru masu siraran ƙafafu kamar na balbela, dogon agogo mai tumbi tsaye a lungu, kyandir ko'ina. Tsohuwar ta ce su a wurinsu sai fentin kujera ya koɗe take yin daraja. Maganar nan ta shiga kaina ta zauna daram.

Ina komawa gidanmu da ke hawa na tara a Concourse Village, cikin unguwar Bronx, sai jan kafet ɗina da labulen nan mai ruwan zinare suka fara ba ni kunya. Na naɗe su, na kyautar da kushin. Na samo kujerun katako na gwanjo, na shafa musu fenti ruwan toka, sannan na zauna ina kankare fentin da hannuna don su tsufa (wallahi da hankalina). Maigidana, direban tasi ne a filin jirgin sama na JFK, ya duba ya ce, “To, Allah ya sawwaƙe,” ya wuce.

Da zagayen taro ya zo kaina, na kashe fitila, na kunna kyandirori, na tsaya bakin ƙofa ina jiran yabo.

Hajiya Ramatu, shugabarmu, ce ta fara shigowa. Ta cire takalmi, ta taka katako mai sanyi, ta tsaya cak. Sauran suka taru a bayanta.

“Innalillahi! 'Yata, har wutar ma sun yanke?”

“A'a Hajiya, ai salon Suwidin ne.”

“Suwidin ne sunan mai gidan hayar? Shi ya kwashe kayan?”

Na shiga bayani, ina nuna bango, ina nuna kujeru. Ta kama hannuna, idonta ya ciko. “Bari, 'yata. Mu ma mun ga irin wannan rana. Rufin asiri ya yi, amma ban da a gabanmu.” Wata ta shafa kujerar da na sha wahalar kankarewa, ta ce, “Ayya, daga bola ko?”

Ba a yi taron ba. Addu'a aka yi mana.

Washegari maigida ya dawo fuska a murtuke. “Maman Amina, me kika faɗa wa mutane? Yau a filin jirgi direbobi sai ba ni layinsu na ɗaukar fasinja suke yi, wani har da saya mini shinkafa.”

Ranar Asabar mota ta tsaya a ƙasa: kafet kore shar, labule mai furanni, da kushin ɗin da ya fi wanda na kyautar girma. Mata suka jera da kansu, har da guɗa. Ni kuwa na durƙusa ina godiya, ina share hawaye (na takaici ne, amma sun ɗauka na farin ciki ne).

Tun daga ranar na gane cewa koɗaɗɗiyar kujera a gidan mai kuɗi ado ce, a hawa na tara a Bronx kuwa, neman taimako ne.