Rasuwar Tsinken Gashi a Teburin Kwala

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda har yanzu ba ta gama gane abin da ya same ta ba, nake sanar da 'yan uwa da abokan aiki rasuwar tsinken gashina. Ya rasu ranar Talata da hantsi a kan teburin kwala, inda ake haɗa wuyan riga, a ma'aikatar ɗinkin kayan makaranta inda nake aiki, bayan ya karye gida biyu a hannun wanda ba mai shi ba. Ba na wurin. Na je shan ruwa.

Marigayin ɗan icce ne, baƙi, mai santsi, tsawonsa kamar sabon fensir. Ba a san shekarunsa ba. Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, ta saye shi a hannun wata mai talla a tasha, ta ba ni ranar da na fara aiki. Tun daga ranar bai taɓa neman hutu ba.

Aikinsa ɗaya ne, kuma ya iya shi. Gashina ya kai ƙugu, yana da nauyi. Roba takan tattara nauyin nan wuri guda, kafin rana ta take kai ya fara sara, da yamma kuma in cire ta da gashin gaban goshi a jikinta. Fil na ƙarfe yakan soki fatar kai. Marigayin bai taɓa yin ko ɗaya ba. Sai in murɗa gashin kamar igiya, in naɗe shi a ƙeya, in soka tsinken ta gefen naɗin ya ɗebo ɗan gashin da ke kwance a fata, in juya shi, in tura ya leƙo ta ɗaya gefen. Shi ke nan har a tashi aiki. Shekaru da man gashi sun ɗan lanƙwasa shi daidai da ƙeyata, har nakan manta yana nan.

A ma'aikatarmu wannan ba kwalliya ba ce. Tun da bel ɗin da ke juya babban keken ɗinki na lantarki ya kama gashin wata ya kai ta asibiti, aka kafa doka cewa mai zama kan keken ba ta barin gashin da zai iya kwancewa, ko da a ƙarƙashin ɗankwali ne. Ni ce kan babban keken. Marigayin ne ya riƙe mini kujerar.

Ba mai yawan magana ba ne. Idan na zare shi, yakan ce sul. Idan na ajiye shi, yakan ce ƙwas. Waɗanda suka halarci ƙarshensa sun ce ya ce ƙas, sau ɗaya, bai ƙara ba.

Rashin lafiyarsa ta fara ne watannin baya, da wata 'yar tsaga a tsakiyarsa. Na shafa masa mai, na rage matsa naɗin, na ɗauka nauyin gashina ne. Binciken da aka yi bayan rasuwar ya nuna cewa marigayin yana da aiki na biyu wanda ban sani ba. Duk lokacin hutu nakan zare shi don kai ya sha iska, in jefa shi cikin gwangwanin almakashi, in fita. Ina fita, Baba mai kwala, telan da ya fi kowa daɗewa a wurin, yakan ɗauke shi. Ita kwala a bai-bai ake ɗinka ta, sannan a juya, a tura kusurwoyin daga ciki har su yi tsini. Almakashi yana huda yadi, biro yana ɓata shi da tawada. Tsinken ba ya hudawa, ba ya ɓatawa. An tabbatar mini cewa duk masu teburin kwala layi suke bi a kansa, kuma kafin in dawo sun mayar da shi gwangwani. Ranar Talata aka kawo kaki mai kauri. Kusurwa ta ƙi fitowa, Baba ya danna.

Da na dawo na same shi tsaye da rabi a kowane hannu. Ya ce, “'Yata, wallahi na ɗauka na kamfani ne. Shekara da shekaru muna tare da shi. Rashin nan ni ma ya shafe ni.” Na dubi teburin. Kwalar da ke gabansa kusurwarta ɗaya ce ta fito.

Marigayin ya bar mataji babba mai haƙora a karye, da kibiyar kitso wadda ta daɗe da yin ritaya, da ribon guda da ba a taɓa sa wa ba, da robobi masu yawa a aljihun teburi waɗanda ba su taɓa shiri da shi ba. Ya bar masu teburin kwala. Ya bar ni da gashi a hannu.

Shugabar ɗinki ta yi mini ta'aziyya a tsaye. Ta ce, “Allah ya ba ki haƙuri, amma bel ba ya zaman makoki. Ranar Litinin ko ki zo da shi a ɗaure yadda ba zai kwance ba, ko ki zo da shi a yanke, ko in ba wata keken.” Tun ranar ina teburin maɓalli tare da sababbin ɗauka.

An gwada masu maye gurbi. Fensir ya karye a naɗin farko. Biro ya zame. Ƙanwata ta sayo na roba a kasuwa, mai duwatsu masu sheƙi a kai, ya sulale ya faɗi a gaban shugabar ɗinki, gashin ya biyo shi. Ƙanwar tawa ta ce, “Yaya, icce ne fa. Ko takaba za ki shiga?” Na kai wa kafintan layinmu rabin sama. Ya juya shi, ya auna, ya ce, “Malama, tsawo da kauri aikina ne, amma wannan lanƙwasar ba kafinta ya yi ta ba.” Tsinken da ya fara sassaƙa mini ya riƙa cizon gashi. Ya ce zai nemi wani iccen, zai kira ni.

Masu ta'aziyya da dama sun ba da shawarar a yi kitso a huta. Ana gode musu. Kitso yana jan goshi kamar roba, jelarsa kuma sai an naɗe ta. Wasu sun ce a yanke, gashi ne, zai sake fitowa. Su ma ana gode musu. Ana sanar da su cewa Inna ta daina gane mutane. Ƙanwata “baiwar Allah” take ce mata, mijina kuwa takan tambaye shi wa yake nema. Kowace yamma nakan zauna a ƙasa a gabanta, in saki gashin ya zubo kan cinyarta. Sai ta laluba shi tun daga sama har ƙasa, ta ɗauki mataji ta ce, “Ke har yau ba ki iya taje kai ba, girman banza.” Daga nan takan kira sunana. Ba ta kiransa a wani lokaci. Ba wanda ya san daga wane tsawo hannunta yake gane ni.

Za a binne marigayin ranar Lahadi da yamma a cikin tukunyar shuka fulawa da ke bayan kicin, bayan Inna ta gama taje kai. Rabin sama kawai za a binne. Rabin da ke da tsini yana aljihun Baba mai kwala, wanda ya roƙi a bar masa shi har a gama kakin, na kuma bar masa. Ba za a yi taro ba. Ana roƙon masu zuwa gaisuwa kada su zo da roba.

Mai gyaran gashi ta bakin titi ta ce za ta bar shagonta a buɗe ranar har faɗuwar rana, ta kuma tambaya ko a kafaɗa za ta yanke gashin ko a wuya. Ba a ba ta amsa ba. Har zuwa lokacin rubuta wannan sanarwa, kafinta bai kira ba.