Maɓalli Kaɗai Ya Shiga

Ni na haɗa wa telolin Bodinga shafin intanet, inda kowa zai rubuta talla ya ɗora hoton ɗinkinsa. Saboda tsadar data, na ƙayyade girman hoton da shafin zai karɓa. Ban gwada ba, don a ganina na wuce gwaji.

Ranar buɗewa har telolin Shagari suka zo. Shugaban ƙungiya ya ɗora hoton babbar riga, shafi ya ƙi karɓa. Aka gwada kaftani da hula, duk ya ƙi. Ashe sifili biyu na manta. Ɗan hoton maɓalli kaɗai ya shiga.

Na gyara tun ranar. Amma har yau in na kai ɗinki, sai shugaba ya ɗaga yadin ya ce, "Wanga ya yi yawa, Mallam. Kawo maɓalli."