'Yata Likita Ce, Amma Sai da Muka Bi Layi

Jama'a, in kun ga rubutun yau ya karkace ku yi min uzuri, da hannun hagu na yi shi. Na daman yana nan rataye a wuyana kamar jaririn da aka ba ni riƙo. Shekaranjiya ne na hau tsani zan leƙa tankinmu in ga ko da sauran ruwa, don rabon famfon unguwarmu da ya yi ko tari har na manta. Tanki dai wayam. Tsanin kuwa ashe ya gaji da ni, sai na sauko ba ta hanyar da na hau ba.

Uwargida ta fito tana salati, bayanta kuma 'yata ta fari, wadda nake kira Uwata. Uwata likita ce. Ba irin mai jakar ƙwayoyi da lasifika a bakin tasha ba, a'a, likita ta gaske. Ta gama karatu, ta yi horon da ake yi, an ba ta takardar da muka sa a gilashi muka rataye a falo. Tun daga ranar take zaune a gida tana taya uwarta wanke-wanke. Duk ofishin da ta je neman aiki sai a ce an dakatar da ɗaukar ma'aikata sai abin da hali ya yi. Shi kuwa hali har yau bai yi ba.

Ta durƙusa ta taɓa hannun, na yi ƙarar da maƙwabta suka ɗauka akuya aka kama.

"Baba, ina jin ƙashi ya tsage. Sai an ɗauki hoto."

Na ce, "Ke ba likita ba ce? Duba mana a nan."

"Baba, karatu na yi, amma idona ba ya ratsa fata. Tashi mu tafi."

Muka nufi asibitin gwamnati. Wanda bai je can ba kwanan nan, bari in ba shi labari. An yi sabon fenti, an kafa ƙatuwar ƙofa, ga hoton mai mulkinmu, Mai Girma Sarkin Yanke Kirtanin buɗe ayyuka, a bango yana yi wa marasa lafiya murmushi. Ɗakunan ganin likita jere reras, kowanne da allo a ƙofa, kowanne da kwaɗo. Na leƙa ɗaya ta taga na ga karyayyun kujeru, na leƙa na kusa da shi na ga kyanwa ta haihu. Ɗaki ɗaya tal ne a buɗe, kuma a bakinsa duk garin ya taru. Muka yanki kati, muka sami gefen benci muka lafe.

Rana ta take, layi bai motsa ba. Can sai wani dattijo da ke kusa da ni ya fara zufa, ya yi wata magana da ba ta da kai, ya sulale ƙasa. Kafin in ce wani abu Uwata ta isa kansa, tana taɓa wuyansa, tana tambayar matarsa ko yana shan maganin sukari, ko ya karya kumallo. Sai ga wani jami'i mai ƙullin wuya ya taso daga bayan tebur.

"Malama, ke wace ce? Ina katin aikinki?"

Na ce, "Likita ce, ranka ya daɗe. 'Yata ce."

"Ba tamu ba ce. In ya mutu a hannunta, wa zai amsa tambaya?"

Na ce, "In ya mutu a kan benci fa?"

Ya dube ni kamar na yi tambayar yara. "Wannan ai bisa ƙa'ida ne. Yana kan layi."

Uwata ko kallonsa ba ta yi ba. Ta ɗaga murya ta kira wata nas, ta gaya mata abin da za ta kawo, nas kuwa da gudu ta tafi, da alama ta daɗe tana jiran wanda zai ce mata yi kaza. Ba a jima ba dattijo ya buɗe ido ya tambayi inda hularsa take. Matarsa ta kama hannun Uwata tana kuka tana sa mata albarka. Jami'i ya koma tebur ransa a ɓace, an karya masa doka an ceci rai ba izini.

Hayaniyar ce ta fito da likita guda ɗaya tilo da ke aiki a buɗaɗɗen ɗakin nan. Ido jajur, riga a yamutse, ashe yana ajin gaban na Uwata a makaranta. Ya ce, "Ƙanwata, da za su ba ni ke ko na rabin yini ne, da na ga 'ya'yana ido biyu. Kullum suna barci nake fita, suna barci nake komawa." Ya ce ya roƙi a ƙaro hannu har bakinsa ya gaji, aka ce masa an kafa kwamiti.

Ya duba hannuna a tsaye, ya ce lallai sai hoto. Na ce to ina ɗakin hoton? Ya nuna min. Na'ura sabuwa dal, ko ledarta ba a gama cirewa ba, an ƙaddamar da ita da kiɗa da jawabi. Sai dai babu mai sarrafa ta, don shi ma an dakatar da ɗaukarsa. Na'ura na jiran ma'aikaci, ma'aikaci na gida yana jiran aiki, ni kuma ina tsakiya riƙe da karyayyen hannu.

Muka tsallaka titi zuwa asibitin kuɗi. Kai, duniya! Sanyi ya buge ni tun daga bakin ƙofa, ƙasa tana sheƙi, har da kifaye a akwatin gilashi suna yawo, kowanne ya fi ni ƙiba. Yarinyar da ke kan tebur ta yi min murmushin da tun ina saurayi ba a yi min irinsa ba. Ba ta tambaye ni inda ke ciwo ba, ta tambaye ni ta yaya zan biya. Aka ɗauki hoto nan take, gaskiya ba zan ci haƙƙinsu ba. Sai kuma aka ce da sauran gwajin jini, da na fitsari, da na zuciya, da na ido.

Na ce, "Hannu fa na karya."

Ta ce, "Ai jiki duk ɗaya ne, ranka ya daɗe."

Uwata ta ce hoton kawai muke so. Muna cikin haka mai asibitin ya fito, wani babban likita mai ƙamshin turare. Sunansa da na gani a ƙirjin rigarsa sai ya yi min kama da wanda na sani. Ashe a ɗaya daga cikin ƙofofin nan masu kwaɗo na tsallaken titi na karanta shi. Da ya ji Uwata likita ce, sai fuskarsa ta washe.

"'Yata, zo ki yi aiki da mu, ki sami ƙwarewa. Dare da rana muna buɗe. Maganar albashi kuwa, ku yaran yanzu kun cika gaggawa, za mu riƙa ba ki na mota. Abu ɗaya kawai, a nan marar lafiya ba ya fita da gwaji guda."

Ta ce ta gode, za ta yi shawara. Na san wannan muryar, irin ta uwarta ce in an kawo mata tallan atamfar da ba ta so.

Da yamma, bayan an ɗaure min hannun mun koma gida, maƙwabtana biyu suka zo dubiya, Mai Kanti da tsohon Hedimasta. Ko ruwa ba su gama sha ba suka kaure da musu a kan asibiti.

Mai Kanti ya ce, "Gwamnati ta cire hannunta kawai, a bar wa kasuwa. Ka taɓa ganin layi a kantina?"

Na ce, "Na gani, lokacin da ka ɓoye sukari."

Hedimasta ya buga sandarsa a ƙasa. "Lafiya ba sabulu ba ce! Wanda cikinsa ke murɗawa yaushe zai tsaya tayi? A zamaninmu gwamnati ce ke yin komai, har maganin tsutsa a makaranta."

Na ce, "Malam, wace gwamnatin? Wadda ta sayi na'ura ta manta da mutum?"

Suka yi ta yi har aka kusa kiran magariba. Daga ƙarshe mai son kasuwa da mai son gwamnati kowa ya naɗe hannun riga ya miƙa wa Uwata ta auna masa jini, kyauta. A nan ne kaɗai ra'ayinsu ya zo ɗaya.

Ni dai dole in yaba wa manyanmu. Ba kowa ne zai iya haɗa ƙarancin likitoci da rarar likitoci a gari ɗaya, a rana ɗaya, a kan titi ɗaya ba. Wannan sai an yi zama da yawa, an sha shayi da yawa. Allah ya ƙara basira.

Bayan sun tafi Uwata ta zauna kusa da ni tana gyara min ɗaurin hannu. Ta daɗe tana gyaran abin da ba ya bukatar gyara.

"Baba, jarrabawar nan da na ce maka ta ƙarin ilimi ce, ta tafiya ce. Wani asibiti a ƙetare ya ɗauke ni. Sun ce in zo da wuri, wai suna ƙarancin likitoci."

Na dubi uwarta, ta kawar da kai tana neman abin da bai ɓata ba a cikin kwando. Ashe ni kaɗai aka bari a duhu. Na buɗe baki zan ce ta zauna, ƙasarta na bukatarta. Sai na rasa abin da zan ce ta zauna ta yi. Yarinyar da uwarta ta yi shekaru tana taka keken ɗinki har ƙafa ta kumbura don ta yi karatu, in ce ta ci gaba da wanke kwanuka tana jiran kwamiti?

Na ce, "Allah ya yi miki albarka, Uwata. Ki je."

Ta ce, "Baba, kuka kake yi?"

Na ce, "Ke kika matse ɗaurin da yawa."

To, Mai Girma, ga ɗan roƙo. An ce ku manya ko mura ce ta kama ku jirgi kuke hawa ku je can ƙetare a duba ku. In ka je ka tarar da wata doguwar likita mai wushirya, kada gabanka ya faɗi, hannunta da albarka, mu muka raine ta muka ba su kyauta. In za ka dawo, don Allah ka karɓo min ɗan maganin gwiwa a wurinta, jirginka ai da fili. Ka ga ko ba komai, tarihi zai shaida ka taɓa kawo wa talaka magani.